Ranar Da Na Naɗa Rawanin Baffa

Kafin in buɗe baki, ga gargaɗi. Na lura da ku 'yan matan yanzu, da an ɗauko labari sai ku tari numfashin mutum: "To Iya, ya aure ki ko bai aure ki ba?" Ku kama bakinku. Sauri ya haifi nawa. Wannan ɗokin ganin ƙarshe shi ne ciwon da ya kayar da ni ina budurwa, kuma yau shi zan tona muku, ko da yake asirin kaina nake tonawa.

Sunana Karimatu. A wani ƙauye na tashi gab da Toranke, tun ana saye da kuɗin wuri, tun kafin basasar 'ya'yan sarauta ta watsa gidaje. Mahaifina ya rasu ina goye, sai wansa Baffa Datti ya riƙe ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa furta shi ba, "Uwata" yake ce mini. Gidanmu gidan gandu ne. Rumbuna jere a bayan turaka, tsohuwar tsamiya a tsakar gida, turame uku a gindinta. In na rufe ido har yau ina jin ƙamshin sabon gero ana sussuka, ina jin luguden matan yayyena. Allah ya ji ƙan waɗancan hannuwa.

Baffa mutumin kirki ne, sai dai nauyin baki. Ko hadari na bisa kansa ka tambaye shi ko za a yi ruwa, sai ya shafi gemu sau biyu, ya yi gyaran murya, ya ce, "To... a bari ta kwana." Komai a wurinsa sai ya kwana.

Shi kuwa Da'u, ɗan masu karofi ne a Gaya, wato marina. Duk kaka ubansa kan aiko shi sayen ganyen baba na rini wurin Baffa. Dogo ne, mai wushirya, hannuwansa shuɗɗa har gwiwa saboda rini. Ranar da na fara kai masa ruwa zaure, da ya miƙo mini ƙoƙon sai na ga shatin yatsunsa huɗu a jiki. Ban wanke ƙoƙon nan ba. Ƙarƙashin gado na tura shi, bayan tukunyar lallena. To, na faɗa. Ku yi dariyarku, tsufa ba ya hana a tuna.

Ƙawata Talatu ita ce 'yar aikenmu, don takan raka uwarta sayar da daddawa kasuwar Gaya. Wani zuwan ta dawo mini da farin goro guda a ganye, wani zuwan ɗan madubi, wani zuwan kuma baki kawai: "Ya ce a gaishe da mai hana shi auna shuni daidai." Mutanensa sun zo gaban Baffa sau biyu neman aurena, da goronsu da dattijonsu. Duka biyun amsa ɗaya suka koma da ita.

Ran nan Talatu ta dawo daga kasuwa, ko faifan kanta ba ta sauke ba ta ja ni bayan rumbu.

"Ƙawa, zauna."

"Ke dai faɗa mini a tsaye."

"Ayarin Gwanja zai tashi nan da kwana goma sha biyu. Gidan su Da'u za su kai rinannun zannuwan turkuɗi su sayo goro."

"To Allah ya kai su lafiya. Ina ruwana?"

"Ruwanki har wuya. Ya ce in gaya miki, a gidansu gwauro ke bin jakuna, mai iyali ke tsaron karofi. In an ɗaura kafin ranar, ɗan baffansa zai tafi. In ba a ɗaura ba, shi ne."

Sai ga ni zaune. Ku ba ku san hanyar Gwanja ba. Wanda ya yi sa'a, damina biyu. Wanda bai yi ba, sai dai a kawo wa uwarsa labari.

Kada wata ta ce don me ban je na gaya wa Baffa ba. A lokacinmu 'ya ta dubi wanda ya riƙe ta ta ce ina son wane? Gara ƙasa ta tsage. Amma Allah bai rufe ƙofa duka ba, akwai Gwaggo Shafa'atu.

Gwaggo yayar Baffa ce, ita kaɗai ke kiransa Datti gatsal. Ta yi aure a wani babban gida a Gaya, da mijin ya rasu ta dawo, ta zo mana da wasan gauta. Ga yadda yake. In amfanin gona ya shiga rumbu, sai a sa rana. Bayan la'asar mata su taru a tsakar gida, har da na maƙwabta, su sa tufafin maza, su kwaikwayi mazan gidan. Su kuwa mazan sai su zauna a shigifa bayan zana, wai hira suke, alhali kunnuwansu kamar na zomo. Duk abin da ya tsaya wa mata a wuya shekara guda, ranar yake fita a cikin dariya. Washegari mai gida ya aiko da goro da amsa. Shekarar da rufin madafa ke yoyo, wasa ɗaya aka yi, kwana biyu aka ga sabon jinka.

Na same ta tana kaɗi a inuwar tsamiya. Na durƙusa ina wasa da bakin zanena.

"Ɗan Gaya ne?" ta ce, ba ta ko dube ni ba.

"Gwaggo, wa ya..."

"Ƙoƙon gidan nan na ƙirga, guda ya ɓata. Tashi daga durƙuson munafunci ki zauna." Ta lashi yatsa, ta murza mazari. "Bana ƙirjina ba zai ɗauki muryar Datti ba, tari ya hana. Na kuwa ji ki kina kwaikwayonsa a bakin rijiya. Ke za ki naɗa rawani."

"Ni?"

"A'a, tsamiyar nan. Buɗe kunnenki, in kunne ya ji jiki ya tsira. Wasa hawa-hawa ne, ba a tsallake ɗaya. Da fari shimfiɗa. Ki bari a gane wane ne wane, a yi dariya har ciki ya saki. Ba a ɗura wa mutum magani sai da ruwa. Kada ki kuskura ki ambaci aure a nan."

"In an gama dariyar fa?"

"Sai ƙulli. A kawo abin da ya tsaya a wuya, a ajiye shi tsakar fili kowa ya gani. To daga nan ne gwanaye ke rabuwa da 'yan koyo. Ƙulli in ba a ja shi ba, banza ne. Ki ja shi, ki ƙara ja, har mai dariya ta nemi dariyarta ta rasa, har mai cin goro ta manta da shi a kumatu."

"Sai kuma a kwance," na ce da sauri.

Sai jin mazari na yi ƙwas a goshina.

"Wa zai kwance? Ke? Da wane hannun? Kwancewa ta mai gida ce, 'yar nan. Mu a ja muke tsayawa. In na ga igiya ta kai inda za ta tsinke, sai in bugi ƙwarya in ce gauta ta nuna, kowa ya kama gabansa. Shi kuma ya kwana da abin a ƙirji, da safe ya kwance da hannunsa, gari ya ce Datti mai adalci. Namiji ki share masa hanya, ki bari ya ce shi ya gano ta. In kika kwance masa, me kika rage masa?"

Na ce na ji. Wallahi na ji, kunnen ne dai bai kai wa zuciya saƙo ba.

Ranar wasa ta faɗo saura kwana takwas ayari ya tashi. Matar Baffa, Inna Suwaibatu, ta ɗauko mini tsohuwar korensa, baƙar riga mai ƙamshin miski da hayaƙi, da ainihin farin rawaninsa na zuwa Idi. Gwaggo ta naɗa mini shi da kanta, ta manna mini gemun auduga da ƙaro, ta cusa mini tsumma a ciki. A ƙarƙashin rigar kuwa jigidata na nan, ga lalle ja wur a ƙafa, sai da aka sa mini tsofaffin takalmansa don a ɓoye. Talatu ta shafe hannu da shuni, ita ce mutanen Gaya, ita ce kuma Da'u. Hanne, amaryar yayana, ta ɗaura zanena na saƙi da murjanina, ita ce ni.

Tsakar gida ta cika maƙil. Rana ta yi sanyi, inuwar tsamiya ta kai bakin rumbu. Ta ƙarƙashin zana ina hango ƙafafun maza jere, na kuma gane na Baffa, don babban yatsansa na dama ba farce.

Na fito ina dogara sanda, na zauna a kan buzu da nishi irin nasa. Tun ban yi magana ba aka fara ƙyalƙyatawa. Sai wata ta rugo a guje.

"Malam! Malam! Wuta ta kama rumbu!"

Na shafi gemu sau biyu. Na yi gyaran murya. "To... a bari ta kwana."

Mata suka zube. Inna Suwaibatu ta riƙe ciki tana cewa wayyo a taimake ta. Wata ta zo ta ce akuya na haihuwa ɗan ya gicciye, wata ta ce kura ta shiga garke, kowacce na ba ta amsarta. Har bayan zana sai da na ji wani ya ƙware, ana bubbuga masa baya. Shimfiɗa ta yi kyau.

Gwaggo ta ɗaga mini gira, sai ga Talatu da goro a faifai, tana tafiyar dattawa.

"Salamu alaikum, Malam Datti. Mu ne dai na Gaya. Mun zo neman iri."

"Irin gero ko na dawa?"

"Irin da ke kai ruwa zaure, Malam."

Aka yi shewa. Na ce a bari ta kwana. Ta fita ta zagayo ta dawo, ta tsufa, tana tafe da sanda. Na sake cewa a bari ta kwana. A karo na biyun nan dariyar ta ragu. Kowa ya gane inda aka dosa, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Sai aka shiga ja. Talatu ta kifa turmi ta mai da shi jaki, ta ɗora masa ƙunshin tsummoki, tana ɗaurewa a hankali, tana waiwayen Hanne. Hanne na tsaye da ƙoƙon ruwa, ba mai karɓa. Yarinyar nan Allah ya ba ta murya. Ta sunkuyar da kai ta ɗauko wata 'yar waƙa da ba mu shirya da ita ba:

"Jaki ya san hanya, ni ban sani ba,
Mai shuɗin hannu, wa zai sha ruwana?"

Tsit. Ko tari babu. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ɗanta ya bi ayari shekara bakwai ba labari ta ja mayafi ta rufe fuska. Talatu ta kama igiyar turmi ta juya baya, taku ɗaya, taku biyu. Na ga Gwaggo ta ɗaga ludayi a kan ƙwarya.

Nan ne fa. Saura ƙiftawar ido a tashi lafiya.

Sai na saci kallon ƙarƙashin zana. Ƙafar Baffa na nan inda take, ko motsi. Zuciyata ta ce, wannan mutumin ko duniya za ta tashi cewa zai yi ta kwana. Kwana takwas ne fa, Karimatu. Ga rawani a kanki, ga murya a bakinki, ga mutane. Kuma in gaya muku gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba: daɗin abin ma ya ɗebe ni. Tunda nake ban taɓa yin magana gida guda ya yi shiru ba sai ran nan.

Na miƙe na buga sanda a ƙasa.

"Dakata, ɗan Gaya! Sauke kayan jakinka. Na ba ka Uwata. Juma'a mai zuwa a ɗaura!"

Wata baƙuwa da ba ta san dokar wasan ba ta rangaɗa guɗa, biyu suka taya ta. 'Yan gida kuwa ba wadda ta motsa. Ludayin Gwaggo na nan a sama, bai sauka ba. Ta dube ni, irin kallon da ake yi wa tulun da ya fashe a bakin ƙofa bayan an sha tafiya da shi. Da na sake duban zana, ƙafar mai yatsa ba farce ba ta nan.

Washegari ba goro. Jibi ba goro. Magana kuwa zarar bunu ce. Matan maƙwabta sun riga sun kai ta rijiya, rijiya ta kai ta kasuwa, kasuwa ba ta san wasa ba. Aka wayi gari ana shigowa yi wa Inna Suwaibatu barka. Har daga Gaya saƙo ya iso mini, ɗan tandu na turare, da cewa wai Da'u ya ji, ya kasa cin tuwo don murna. Na karɓa na shiga ɗaki na yi kuka har na gode wa Allah.

A rana ta uku da hantsi aka ce Baffa na kira a zaure. Na tarar da Gwaggo zaune a gefe. A gabansa akwai wani ɗan kwando rufe da ganye.

"Ke," ya ce. "Buɗe wannan."

Ke. Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Na ɗaga ganyen. Goro ne, farare, manya, an yayyafa musu ruwa.

"Kwana shida ke nan da na sayo shi. Da ƙafata na je Gaya, na zauna da limamin unguwarsu, na tambayi asalin yaron ta wajen uwa da uba. Ban sami abin ƙi ba. Na ce bari mata su yi wasansu, su ja ni yadda suke so, da safe in aika musu da shi su ji daɗi." Ya dube ni. "Kin iya muryata. Har ni sai da na yi dariyar rumbun."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Datti," in ji Gwaggo, "yarinta ce. Laifina ne da na ba ɗanyen kai rawani. Ka dubi maraicinta."

"Shi na duba shekara goma sha bakwai, Yaya. Yanzu ki gaya mini. In na ɗaura ranar Juma'a, gobe duk 'yar da ta ga saurayi a gidan nan sai ta nemi rawani ta ba da kanta, ni kuma in zama mai amin. In na ce ban bayar ba, rawanin da nake zuwa Idi da shi ya yi ƙarya a gaban matan gari. Wanne kika zaɓar mini?"

Gwaggo, mai bakin da ba ya mutuwa, ta sunkuyar da kai.

Baffa bai shafi gemu ba. Ya dubi bango ya ce, "Kyauta ta fita, ba zan tsince ta daga ƙasa ba. Na ba shi. Yau za a kai goron nan Gaya. Amma rana ba ki da ita, tawa ce. Sai ayari ya dawo."

"Baffa..." Muryar da ta cika tsakar gida kwana uku da suka wuce, ran nan ko zaure ba ta ƙetare ba. "Baffa, don Allah. In ba a ɗaura ba shi zai tafi."

"Na sani. Tashi ki je."

Kada ku zage shi. Na ga bakin wasunku ya fara motsi. Ni ma na yi shekaru ina ganin ya tsananta, sai da na riƙe gida na gane abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Mutum talatin ke ci a ƙarƙashin maganarsa. Inna Suwaibatu ta gaya mini daga baya, ranar bai taɓa abinci ba.

Ana gobe tafiya Da'u ya zo sallama. Muka tsaya a ƙofar gida da rana tsaka, Talatu na nesa kaɗan tana yi kamar tana tsintar ƙirare. Ya sa sabuwar taguwa, ga laya a damtse da uwarsa ta ɗaura masa. Na kasa ɗaga ido.

"Ashe ke ce waliyyin," ya ce. "Da na sani ai da tun farko wurinki na kawo gaisuwa, na huta da dattawa."

"Kai ma dariya za ka yi mini?"

"In ban yi dariya ba me zan yi a ƙofar surukai? An ce har gemu kika sa. Ki ajiye mini shi in gani."

Na yi dariya da hawaye tare. Na ce, "Ni na ja maka."

"Ke kika ba ni, dai. Ba wanda aka taɓa ba shi mata sau biyu a mako guda sai ni." Sai ya sassauta murya. "Damina biyu ce, Karime. Ki shuka, ki girbe, ki sake shukawa, kafin ki girbe ina nan. Zan zo miki da goron da ba a taɓa gani ba a Toranke."

Ya juya. Na bi bayansa da kallo har karan gonar dawa ya rufe shi.

Na shuka, na girbe. Gwaggo ba ta sake kiran wasa ba, ta ce ƙirjinta. Na sake shukawa, na girbe, shiru. Sai da damina ta uku ta ɗauke, ran wata kasuwa, aka ce jakuna sun cika hanyar Gaya, ayari ya sauka. Talatu, lokacin tana da goyo, ta ce in zauna ita za ta gano mini. Na yi kitso, na sa tozali, na ɗaura zanen saƙin nan, na zauna a gindin tsamiya tun azahar.

Da la'asar ta shigo. Ba ta zo wurina ba. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta durƙusa a ƙofar turakar Baffa, ina jin ta daga inda nake.

"Baffa, madugun ayari ya ce a gaya maka, Da'u ba ya cikinsu. Amma ya ce ka kwantar da hankalin yarinyar, ba mutuwa ya yi ba, a can Gwanja suka baro shi."